Mudu Biyu: Turawan Mulkin Mallaka da Mallakar Ƙasa

Yau za mu tattauna wata magana da ta daɗe tana yawo a littattafai da bakin masu ilimi, har ta fara zama kamar gaskiyar da ba a tuhuma. Ana cewa wai rigimar ƙasa da ta ɓarke tsakanin Turawan mulkin mallaka da mutanen da suka mamaye, rashin fahimtar juna ne ya haddasa ta. Wai Bature ya zo da tunanin cewa ƙasa dukiya ce da ake aunawa, a rubuta a takarda, a saya, a sayar, su kuwa mutanen Afirka da Amurka da Ostareliya ba su san mallakar ƙasa ba, suna ɗaukar ta kamar iska ko ruwan sama, na kowa da kowa. A wannan fahimta, kowane ɓangare ya yi magana da harshensa, ɗaya bai ji ɗaya ba, sai ƙaddara ta afku. Ni ban gamsu da wannan bayani ba, kuma ina so in kawo hujjojina daga abin da Turawan suka rubuta da hannunsu a dokoki da hukunce-hukuncen kotu. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, mutanen da aka mamaye suna da ƙa'idojin mallaka masu tsari, Turawa da yawa sun san da haka, kuma ra'ayin da suke bayyanawa game da waɗannan ƙa'idoji yana sauyawa ne gwargwadon abin da suke nema a wurin.

Mu fara da Kenya, domin a can maganar ta fi fitowa fili. 'Yan ƙabilar Kikuyu da ke zaune a tuddai masu ni'ima arewa da Nairobi suna da tsarin da suke kira githaka, wato yankin ƙasa mai iyaka sananniya da ke hannun zuri'ar kaka ɗaya. Akwai dattijon da ke kula da shi a madadin zuri'ar, shi yake nuna wa saurayin da ya yi aure inda zai noma, shi ake kai wa ƙara idan iyaka ta rikice. Ana dasa wasu furanni na musamman a kan iyaka, a gaban shaidu, bayan an yanka dabba. Baƙon da ba shi da gona yakan roƙi a ba shi aro, ya noma ya ci, amma ya san ranar da aka buƙaci gonar zai tashi. Ana jinginar da gona a karɓi awaki, duk lokacin da aka mayar da awakin gona ta koma ga masu ita, ko da bayan shekaru masu yawa ne. A yankin Kiambu ma, Kikuyu sun tsaya kai da fata cewa kakanninsu sayen dajin suka yi daga mafarautan da suka riga su zama, suka biya da awaki. Duk Bahaushen da ya ji wannan zai gane shi nan take, domin gado da aro da jingina da saye su ne ƙofofin da mu ma muke shiga gona ta cikinsu.

To, me ya faru da wannan tsari? A ƙarshen shekarun 1890 annobar shanu, da fari, da yunwa, da ciwon agana suka yi wa yankin kaca-kaca. Mutane da yawa sun mutu, waɗansu sun yi ƙaura zuwa wajen dangi da niyyar dawowa. Ana cikin haka jirgin ƙasa da aka faro daga Mombasa ya isa bakin tafkin Victoria a 1901, gwamnati kuma tana neman wanda zai yi noman da zai biya kuɗin layin dogon. Dokar filaye ta 1902 ta ba kwamishina ikon ba Turawa duk ƙasar da ba a ga ɗan ƙasa zaune a kanta ba a lokacin. Ku lura da wannan sharaɗi da kyau, masu sauraro. Gonar da aka bari ta huta, da makiyayar awaki, da kufan gidan da yunwa ta kora masu shi, duk sun faɗa cikin ƙasar da babu kowa a kanta. Cikin 'yan shekaru aka yanke kimanin eka 60,000 na ƙasar Kikuyu a Kiambu da Limuru. A 1915 aka sake doka, aka ce har ƙasar da ƙabilu ke zaune a kai ta gadon sarautar Ingila ce, aka kuma tsawaita hayar da ake ba Turawa daga shekara 99 zuwa shekara 999. A 1921 wasu 'yan Kikuyu suka kai juna kotu a kan gona, sai Alƙalin Alƙalai Barth ya yanke cewa babu wanda ke da haƙƙin da zai yi ƙara a kansa, domin bayan dokar 1915 duk 'yan ƙasa sun zama 'yan aro a ƙasar Sarkin Ingila, yana iya tashin su duk ranar da ya ga dama. Hukuncin bai ce githaka ƙarya ba ne. Cewa ya yi doka ta shafe shi, wanda kuwa ya ce ya shafe abu ya amsa da bakinsa cewa abin yana nan.

Yanzu ku dubi maƙwabtansu Masai, makiyaya. Su a wajensu Turawa ba su ce babu mai ƙasa ba, domin ana buƙatar hannun da zai dangwala. A 1904 aka ƙulla yarjejeniya da shugabanninsu, suka bar kwarin da ake kira Rift Valley, aka ba su yankuna biyu, ɗaya a Laikipia, aka rubuta cewa alƙawarin zai ɗore muddin akwai Masai a duniya. Shekara bakwai kacal ya yi. A 1911 aka kawo wata takarda, aka kwashe su daga Laikipia zuwa kudu. Waɗansu daga cikinsu suka ɗauki lauya suka kai ƙara, a 1913 kotu ta kori ƙarar, ta ce ai wannan yarjejeniya ce tsakanin ƙasashe biyu masu cin gashin kansu, kotun cikin gida ba ta da hurumin shiga. Ga gwamnati ɗaya, a ƙasa ɗaya, cikin shekara goma: Masai sun isa su zama daula mai 'yanci idan za a hana su shari'a, Kikuyu kuma ba su isa su mallaki gonar ubansu ba. Wannan shi ne halin mai awon da ke da mudu biyu a rumfarsa, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Wanda bai iya awo ba kuskurensa yakan faɗa wa kowane ɓangare, wata rana ya cuci mai saye, wata rana ya cuci kansa. Idan kuwa kullum kuskuren a aljihunsa yake ƙarewa, sunan abin ya tashi daga kuskure.

Haka aka yi a ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau. A watan Oktoba na 1888 wakilan Cecil Rhodes suka sami sa hannun Lobengula, sarkin Ndebele, a takardar da ta ba su izinin haƙar ma'adinai, a kan fam 100 duk wata, da bindiga 1,000, da harsashi 100,000, da alƙawarin jirgin ruwa a kogin Zambezi. Takardar ba ta ba da ƙasar noma ba, Lobengula kuma ya aika wa Sarauniya Victoria cewa an yaudare shi. Duk da haka da wannan takarda Rhodes ya sami izinin kafa kamfaninsa, ya kuma yi wa kowane ɗaya daga cikin Turawan da suka shiga ƙasar a 1890 alƙawarin gona mai eka 3,000. A lokacin ana ɗaukar Lobengula a matsayin mai ƙasa baki ɗaya, har da ƙasar Shona da ba duka yake mulka ba, saboda girman ikonsa shi ne girman abin da za a karɓa daga hannunsa. Bayan an ci shi da yaƙi a 1893, sai magana ta juya. A 1918 shari'ar mallakar ƙasar ta kai gaban kwamitin shari'a na majalisar Sarki a Landan, wanda shi ne kotun ƙoli ta duk ƙasashen da Ingila ke mulka. Alƙalan suka ce ƙasar ta zama ta Sarkin Ingila, suka ƙara da cewa akwai ƙabilun da ci gabansu bai kai a daidaita al'adunsu da dokokin mutanen da suka waye ba. Shekara uku bayan haka, kwamitin nan dai ya saurari ƙarar Amodu Tijani, Oluwa na Legas, a kan filin Apapa da gwamnati ta karɓa. Herbert Macaulay ne ya raka shi Landan. A nan alƙalan suka gargaɗi kotuna da su daina auna haƙƙin 'yan ƙasa da ma'aunin dokar Ingila, suka tabbatar cewa ƙasar ta jama'arsa ce, kuma a biya cikakkiyar diyya. Daga baya an biya fam 22,500. Bambancin Legas da Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, a bayyane yake, a Legas babu dubban Turawa manoma da za a tasa idan an faɗi gaskiya.

Wani zai ce, to amma ai ba za a rasa rashin fahimta na gaskiya ba. Na yarda, akwai shi, musamman a haɗuwar farko. Baturen da ya ba dattawa barguna da gatura yana iya zaton ya saya har abada, su kuma suna ganin sun karɓi gaisuwar baƙo sun ba shi masauki. Irin wannan ya faru a 1835, lokacin da John Batman ya ƙulla takarda da dattawan yankin da birnin Melbourne na Ostareliya yake a yau, yana iƙirarin eka kusan 600,000. Amma ku ji abin da gwamna Bourke ya yi. Bai soke cinikin don an cuci dattawan ba. Ya soke shi ne bisa cewa ƙasar ta Sarkin Ingila ce tun farko, babu ɗan asalin ƙasar da ke da abin sayarwa, domin in aka yarda da cinikin Batman an yarda ke nan cewa duk sauran nahiyar tana da masu ita. Rashin fahimta abu ne da ake warwarewa da tafinta da zama da tambaya, ba ya shekara ɗari biyu. A 1971, a shari'ar mutanen Yolngu da wani kamfanin haƙar ma'adinin alminiyom, alƙali Blackburn ya saurari dattawa, ya amince cewa suna da tsarin doka mai zurfi, sannan ya yanke cewa wannan bai zama mallaka ba, saboda ba sa sayarwa kuma ba sa hana kowa shiga kwata-kwata. Sai ranar 3 ga Yuni 1992 babbar kotun Ostareliya ta rushe tunanin cewa nahiyar ba ta da mai ita, a shari'ar Eddie Mabo, mutumin tsibirin Mer, inda kowane gida ya san iyakar lambunsa tun kaka da kakanni. Mabo ya rasu watanni kaɗan kafin hukuncin.

Akwai kuma abin da masu cewa rashin fahimta ne suke mantawa, wato Bature bai zo daga ƙasar da ba a san haƙƙoƙi masu hawa-hawa ba. A ƙauyukan Ingila, shekaru aru-aru, mutum yakan mallaki kunyoyinsa a babbar gonar gari, bayan girbi kuma dabbobin kowa su shiga kiwo. Talaka yana da haƙƙin itacen girki da kiwon saniyarsa a filin gari ko da ba shi da taku ɗaya na gona. Majalisar dokokinsu ce ta riƙa kashe waɗannan haƙƙoƙi da dokokin shinge fiye da 5,000, waɗanda suka killace kusan eka miliyan 7, mafi yawa tsakanin 1750 da 1850. Ke nan mallakar mutum ɗaya mai shinge, wadda aka kawo Afirka a matsayin alamar wayewa, a Ingilar ma ba ta daɗe da murƙushe kishiyarta ba, kuma talakawansu sun sha kuka a kanta. Malamansu sun tanadar wa abin hujja. John Locke, a littafinsa da ya fito wajen 1690, ya ce aikin da mutum ya zuba a ƙasa shi ke mayar da ita tasa, ya kuma kawo Amurka a matsayin misalin ƙasar da aka bari a banza. Vattel a 1758 ya ce al'ummar da ke yawo ba ta noma ba ta da ikon riƙe ƙasar da ta fi buƙatarta. Sai dai ko wannan ma'auni ba a bi shi da gaskiya ba. Kikuyu manoma ne, Shona manoma ne, an karɓe tasu. Lord Delamere kuwa an ba shi eka 100,000 a Njoro a 1903, babu wanda ya ce sai ya nome ta kafin ta zama tasa, haka kuma dajin da attajiran Ingila ke killacewa don farautar barewa babu wanda ya kira shi ƙasar da ba ta da mai ita.

Ɗalibin fiƙihu zai iya tsayar da ni a nan ya ce, ai mu ma a shari'a muna da babin raya mataccen fili, wanda ya sare daji ya haƙa rijiya ya shuka, fili ya zama nasa, mene ne bambancinsa da maganar Locke? Tambaya ce mai kyau. Bambancin yana wajen fayyace wane fili ne matacce. Malaman Malikiyya sun fitar da hurumin gari daga ciki, wato inda mutanen gari ke kiwo da inda suke yin itace, da kewayen rijiya, suka ce wannan haƙƙin jama'a ne ko da ba a taɓa sa masa garma ba. Filin da ke kusa da gari kuma sai da izinin shugaba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan wannan babi, Ta'alimur Radi, shekaru da dama kafin Bature ya iso Sakkwato. Dokar Kenya ta 1902, da dokar Sarki Leopold ta 1885 a Kwango, da dokar Faransa ta 1904 a Afirka ta Yamma, wadda ta shafi ƙasar Nijar, duk sun ɗauki abin da fiƙihu ya kira hurumi suka sa shi cikin ƙasar da babu mai ita. Wanda ya fi jin jiki a wannan shi ne makiyayi, domin shi amfaninsa da ƙasa ba ya barin kunya ko shinge da safiyo zai gani ya zana.

Wannan ya kawo mu gida, kuma akwai mutum ɗaya da ya haɗa labarinmu da na Kenya. A watan Maris na 1903, bayan an ci Sakkwato, Gwamna Lugga ya tsaya gaban manyan gari ya ce Fulani sun sami mulki da haraji da ikon ƙasa ta hanyar yaƙi, yanzu an ci su da yaƙi, don haka duk wannan ya koma hannun Ingila. Wanda ya gaje shi a 1907, Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ɗan Kanada, shi ya tattara bayanai daga razdanoni a kan al'adar mallakar ƙasa, aka kafa kwamiti a Landan a 1908. Cikin masu faɗa a ji a wannan aiki akwai mabiya ra'ayin Henry George, Ba'amurken da ke ganin bai kamata ƙasa ta zama dukiyar mutum ɗaya ba, kuma kuɗin hayarta na hukuma ne. Kwamitin ya kammala da cewa a Arewa ba a san mallakar mutum ɗaya ba, ba a san sayar da gona ba. Dokar 1910 ta sa duk ƙasar Arewa, wadda ake zaune a kai da wadda ba a zaune, ƙarƙashin ikon gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa, manomi kuma abin da yake da shi izinin zama ne. Alhali a karkarar Kano mai cunkoso ana gadon gona, ana jinginarwa, ana sayarwa tun kafin zuwansu, kamar yadda masu bincike irin su Polly Hill suka nuna daga baya, manyan masu sarauta da attajirai kuma suna da gandaye da rinjoji da bayi ke nomawa. Girouard ɗin nan da ya ce a Arewa ƙasa amanar 'yan ƙasa ce da ba za a ba baƙo ba, a 1909 aka mayar da shi gwamnan Kenya, kuma a zamaninsa aka kwashe Masai daga Laikipia. Ya ajiye aiki a 1912 bayan ta bayyana cewa ya yi wa Turawa manoma alƙawarin ƙasar tun kafin a tashi masu ita. Mutumin bai sauya ba tsakanin Zungeru da Nairobi. A Arewa abin da ake so haraji ne da gyaɗa da auduga daga hannun manomi, da kuza daga tsaunukan Jos, ga zafi da sauro da ba su yi wa Bature daɗin zama ba. A Kenya ƙasar kanta ake so.

Adalci ya sa in faɗi cewa dokar 1910 ta yi wani amfani. Ta toshe ƙofar da kamfanonin Turai za su bi su yanki manyan gonaki, manufar da ta sa William Lever, mai kamfanin sabulu, ya nemi filin shuka kwakwar manja a yankunan Ingila na Afirka ta Yamma aka hana shi, ya tafi Kwango a 1911. Talakan Arewa bai wayi gari ɗan ƙodago a gonar Bature ba kamar ɗan'uwansa na Kiambu. Amma kariyar an gina ta ne a kan cewa gonar ba tasa ba ce, kuma wannan harsashi ya fi Turawan daɗewa. Dokar ta zama ta 1916, ta zama dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962, sannan a 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta shimfiɗa irinta a kan Nijeriya baki ɗaya, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Shi ya sa har gobe idan hukuma ta karɓi gona don amfanin jama'a, abin da doka ta tanada a biya shi ne amfanin gona da itatuwa da gini, ƙasar kanta ba a lissafa ta, domin a idon doka tun farko ba ta manomin ba ce.

Saboda haka nake jan kunnen 'yan'uwanmu masu kishin Afirka da ke alfahari da cewa kakanninmu ba su san mallakar ƙasa ba, komai na kowa ne. Niyyarsu mai kyau ce, suna so su nuna cewa mun fi Bature zumunci. Amma wannan magana ita ce ainihin abin da lauyoyin mulkin mallaka suke so a faɗa, domin abin da aka ce na kowa ne, hukuma ce ke zama mai shi. Abin da ke akwai a ƙasar Hausa ya fi haka tsari. Gona ɗaya tana iya ɗaukar haƙƙin mutum biyar ba tare da rikici ba. Maigida yana da gandu, ƙaninsa ko matarsa na da gayauna a gefe. Ɗorawar da ke tsakiyar gonar tana iya zama ta wani daban, shi ke zuwa ɗibar kalwa. Bayan an kwashe amfani Bafulatani ya sauka da shanunsa su ci kara su bar taki, burtali kuma ya ratsa ta gefe babu mai ikon nome shi. Dagaci yana da ikon ba baƙo saura idan masu ita sun yi ƙaura sun daɗe, sarki yana da kuɗin ƙasa. Kowane ɗaya ya san iyakar nasa, kuma akwai inda zai kai ƙara in an taɓa shi. Takardar safiyo layi ɗaya gare ta na rubuta suna, don haka duk ranar da aka yi wa irin wannan gona rajista, mutum ɗaya ya ƙaru, huɗu sun fita.

Ga wata hujja kuma da ake kawowa, wadda ba ta da daɗin ji amma dole a amsa ta. Ana cewa ai su ma waɗanda aka mamaye da yaƙi suka sami ƙasar. Ndebele daga kudu suka zo a shekarun 1830 suka danne waɗanda suka tarar, masu jihadi sun ci sarakunan Haɓe, Masai sun kori waɗansu daga makiyaya. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce Afirka ba ta san zalunci ba kafin Bature bai karanta tarihi ba, bayin da ke rinji shaida ne. Amma akwai bambanci tsakanin karɓe mulki da karɓe gona. Da aka ci Kano a zamanin jihadi, sarauta ta sauya hannu, an raba wa manya garuruwan da za su riƙa karɓar haraji, an ƙwace wasu gandaye, amma akasarin talakawa sun ci gaba da noma inda iyayensu suka noma. Dokar Ingila kanta ta san wannan bambanci, ƙa'idarta ita ce sauyin sarki ba ya shafe dukiyar talakawa sai an fito fili an ƙwace, kuma da wannan ƙa'ida aka yi wa Amodu Tijani hukunci. Inda aka ƙi aiki da ita, an ƙi ne ta hanyar cewa mutanen ba su da dukiyar da za a kiyaye. Ban da haka, Turawa ba su ce mun fi ku ƙarfi mun ƙwace ba, da an san inda aka dosa. Sun ce doka suka kawo, don haka da dokar tasu ya dace a auna su.

Saura masu cewa, ko ma mene ne ya faru a da, takardar mallaka ta mutum ɗaya ita ce hanyar arziki, da ita ake karɓar bashin banki, ita ke kashe rigimar iyaka. A birni, inda fili ke sauya hannu tsakanin mutanen da ba su san juna ba, wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba na jayayya da ita. Amma Kenya ta gwada ta a karkara, sakamakon kuma yana rubuce. A 1954, ana tsakiyar yaƙin Mau Mau, wanda mayaƙansa suka sa ƙasa da 'yanci a sunan rundunarsu, gwamnati ta fito da shirin Swynnerton na haɗe gonakin Kikuyu da ba kowa takarda. Mai shirin ya faɗa a fili cewa za a sami masu ƙasa da marasa ƙasa, kuma yana ganin haka ci gaba yake tafiya. An yi rabon ne lokacin da dubban maza ke tsare a sansanoni ko suna daji, waɗanda ke tare da gwamnati su ne a kwamitocin rabo. 'Yan aro suka tashi a tutar babu, mata ba a rubuta sunansu ba, ƙannen da babban wansu ya karɓi takarda a madadin gida suka koma suna roƙonsa. Noman kofi da shayi ya bunƙasa a hannun waɗanda suka samu, wannan ba a musu, sai dai a daidai lokacin ne kuma aka sassauta takunkumin da ya hana yawancin 'yan ƙasa shuka kofi, don haka ba duka ladan ke ga takarda ba. Bayan 'yan shekaru, rajistar ta daina dacewa da abin da ke ƙasa, domin mutane sun ci gaba da rabon gado da ba da aro yadda suka saba ba tare da zuwa ofis ba. Da aka zo samun 'yancin kai a 1963, tuddan da aka keɓe wa Turawa, sama da eka miliyan 7, ba a mayar wa zuri'ar masu su kyauta ba. Gwamnatin Kenya ta ciyo bashi daga Ingila da Bankin Duniya ta sayi gonakin daga hannun Turawan, sannan ta sayar wa 'yan ƙasa su riƙa biya a hankali, domin takardar Baturen da ta fito daga dokar 1915 ita ce mallakar da ba a yarda a taɓa ba.